Lambun Al-Azhar na Alƙahira

Lambun Al-Azhar (da Larabci: Hadiƙatul Azhar) wurin shaƙatawa ne na jama'a da ke gabashin tsohon birnin Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar. Faɗinsa hekta 30 ne, kuma an gina shi a kan tudun Darassa, wanda ya yi kimanin shekara 500 yana zaman jujin birnin. Gidauniyar Aga Khan ta Raya Al'adu ce ta gina shi a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 30, aka buɗe shi a hukumance ranar 25 ga watan Maris, 2005. Ya samo sunansa daga Masallacin Al-Azhar da ke kusa da shi.

Ana yawan kawo lambun a matsayin misali a fannin tsara filaye da lambuna, domin mafi yawan aikin da aka yi a cikinsa yana ƙarƙashin ƙasa ne, inda mai ziyara ba ya gani. Kafin a dasa itace ko ɗaya sai da aka warware matsalar ƙasa mai gishiri, da tudun da ke iya zaftarewa in ya sha ruwa, da manyan tankunan ruwa uku da aka binne a tsakiyar filin. An kuma haɗa aikin lambun da gyaran unguwar talakawa da ke maƙwabtaka da shi, wato Darb al-Ahmar.

Tudun Darassa

Fatimiyyawa ne suka kafa birnin Alƙahira a shekarar 969, suka kuma fara ginin Masallacin Al-Azhar a shekarar 970. A shekarar 1176 Salahuddin al-Ayyubi ya ba da umarnin a kewaye birnin da sabuwar ganuwa ta dutse, aka ɗora kula da aikin a kan Baha'uddin Ƙaraƙush. Da tafiya ta yi nisa, ganuwar gabas ta daina amfani wajen tsaro, sai mutanen birni suka riƙa ƙetare ta suna zubar da shara, da tokar murhu, da fasassun tukwane, da ɓaraguzan gidajen da suka rushe. Jujin ya yi ta hawa har ya zama tudu, ya binne ganuwar kanta, a wasu wuraren zurfin abin da ya rufe ta ya kai mita 15.

Zuwa ƙarni na 20 tudun ya zama kango mai ƙura a tsakiyar gari. Daga gabas akwai titin Salah Salem da tsohuwar maƙabartar da ake kira Birnin Matattu, daga yamma akwai Darb al-Ahmar, daga kudu kuma ana hango Ƙal'ar Salahuddin. In iska ta taso, gidajen da ke ƙasan tudun ne ke shan ƙurar.

Yadda aikin ya fara

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a ƙarƙashin Lambar Yabo ta Aga Khan kan Gine-gine, inda aka tattauna yadda birnin ke bunƙasa fiye da ƙima. A lokacin ne Aga Khan na Huɗu, Karim al-Husaini, shugaban Isma'iliyya wanda ke danganta nasabarsa da halifofin Fatimiyya, ya bayyana niyyarsa ta gina wa birnin lambu kyauta. Alƙahira na cikin biranen da suka fi ƙarancin filin ciyayi a duniya in an kwatanta da yawan jama'arta. Gidauniyar ta sha ambaton cewa in da za a raba wa mazauna birnin ciyayin da ke akwai a lokacin, abin da kowa zai samu bai wuce faɗin tafin ƙafa ba.

An sa hannu kan yarjejeniya da hukumar lardin Alƙahira a shekarar 1990, amma aikin bai kankama ba sai bayan shekaru. Dalilin jinkirin shi ne hukumar ruwan sha ta birnin ta riga ta zaɓi wannan tudun domin gina manyan tankunan ajiye ruwa guda uku, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. Kowane tanki faɗinsa mita 80 ne, zurfinsa mita 14. Dole aka jira a gama su, sannan aka sake zana lambun gaba ɗaya ya dace da su. Kamfanin Sasaki na Amurka ya yi aiki kan babban tsarin farko, sai kamfanin Sites International na Masar, ƙarƙashin Maher Stino da Laila El-Masry Stino, ya zana lambun yadda yake a yau. An shiga aikin ƙasa gadan-gadan a ƙarshen shekarun 1990.

Fannin da aikin ya shafa

Tsara filaye da lambuna sana'a ce dabam da zanen gine-gine, dabam kuma da aikin mai lambu. Mai wannan sana'a yana tsara abin da ke waje da gini: gangaren ƙasa, inda ruwa zai bi, inda inuwa za ta faɗi, hanyoyin ƙafa, wuraren zama, da irin tsirran da za su iya rayuwa a wurin. Yakan yi wannan aiki a tsakar gida, ko harabar otal da kasuwa, ko filin jama'a. Sana'ar ta samu sunanta na zamani a Amurka a hannun Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda suka ci gasar zana Central Park na birnin New York a shekarar 1858. An kafa ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka a 1899, ta duniya kuma a 1948. A 1969 Ian McHarg ya wallafa littafinsa Design with Nature, wanda ya ƙarfafa ra'ayin cewa a fara nazarin ƙasa da ruwa da halittun wuri kafin a ɗauki fensir. Wannan ra'ayi shi ake kira tsari mai la'akari da muhalli.

A Darassa babu wani daji ko fadama da za a kare, domin tudun kansa hannun mutum ne ya tara shi. Abin da ya fuskanci masu zanen shi ne yadda za a mayar da juji ƙasar da itace zai kama, a birnin da ruwan samansa na shekara bai wuce milimita 25 ba.

Aikin ƙasa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin lokaci da kuɗi. An motsa ƙasa da tarkace kimanin kubik mita miliyan 1.5, abin da ya kai lodin tifa wajen 80,000. Daga ciki an fitar da fiye da kubik mita 765,000 daga filin gaba ɗaya, an yi ciko da 160,000 a wasu sassan lambun, sannan an tankaɗe tare da wanke wasu 605,000. Wannan kaso na ƙarshe aka gauraya da yashi da ƙasar noma kubik mita 60,000, aka shimfiɗa a saman tudun, kaurinta daga rabin mita zuwa mita biyu, gwargwadon abin da za a shuka a wurin.

Matsala biyu ce ta sa aka yi wannan wahala. Ta farko gishiri. Toka da tarkacen gini na ɗaruruwan shekaru sun bar gishiri mai yawa a ƙasar. A wurin da ake ruwan sama sosai, ruwa kan wanke shi ya yi ƙasa da shi. A Alƙahira kuwa in aka yi ban ruwa, ruwan kan narkar da gishirin, zafin rana ya jawo shi sama, ya taru daidai inda saiwa take, ya ƙone ta. Manoman rani a ƙasashe masu zafi sun san wannan farin ɓawon da ke fitowa a kan ƙasa.

Ta biyu ita ce rashin ƙarfin tudun. Juji ba a daɓe yake ba, akwai ramuka da iska a cikinsa. Muddin yana bushe yakan tsaya, amma da zarar ruwa ya ratsa shi sai ya lotsa. Ke nan ban ruwan da lambu ba ya rayuwa sai da shi, shi ne kuma zai iya tsaga hanyoyi, ya girgiza tankunan ruwan sha, ya tura laima cikin tsohuwar ganuwa da gidajen da ke jingine da ita. Maganin da aka yi shi ne raba sabuwar ƙasa da tsohuwa. An daɓe saman jujin, aka shimfiɗa abin da ruwa ba ya ratsawa, aka jera bututun tsane ruwa a kai, sannan aka zuba ƙasar shuka. Ruwan da ya wuce saiwa yana bin bututu ya fita, ba ya kaiwa ga jujin, gishirin ƙasa kuma ba ya samun hanyar hawowa. Gine-ginen da ke cikin lambun an ɗora su ne a kan harsashi na musamman saboda wannan dalili.

Tankunan uku sun ƙara nasu sharaɗin. Rufinsu ba zai ɗauki nauyin ƙasa mai kauri ko manyan itatuwa ba, kuma dole ma'aikatan ruwa su riƙa samun hanyar kaiwa gare su. Sai aka rufe su da ƙasa marar kauri, aka yi filayen ciyawa da wuraren zama a kansu. Yawancin masu ziyara kan zauna a kai ba tare da sanin cewa ruwan shan birnin ne a ƙarƙashinsu ba.

Ruwa da tsirrai

Jinkirin da tankunan suka jawo ya yi wani amfani, domin ya ba da damar gwada tsirrai na tsawon shekaru kafin dashe. An kafa wuraren renon tsirrai a cikin filin da wajensa, an kuma yi gwaji a gonar binciken hamada ta Jami'ar Amurka da ke Alƙahira, domin gano waɗanda za su jure zafi da gishiri da ƙarancin ruwa. A ƙarshe an dasa tsirrai fiye da 655,000, waɗanda aka raina daga iri ko daga yankan reshe. A cikinsu akwai nau'in itatuwa 89, ƙananan bishiyoyi 51, tsirrai masu rufe ƙasa 50, masu tara ruwa a ganye 26, masu yaɗo 14, da ciyawa iri biyar.

Daga cikin itatuwan gida da aka yi amfani da su akwai ɓaure, da dangin kurna da magarya, da nau'o'i huɗu na dangin gabaruwa, itatuwan da duk wanda ya tashi a yankin Sahel ya san su. An kuma shuka ganyayen ƙamshi da na magani irin su na'a-na'a. A gangaren yamma, wanda ke da tsini sosai kuma yake fuskantar ganuwa, an guje wa ciyawa mai shan ruwa, aka sa tsirrai masu jure fari waɗanda saiwarsu ke riƙe ƙasa. A nan zaɓen tsiro ya zama wani ɓangare na aikin injiniya, tunda rage ban ruwa a wannan gangare shi ne kare ganuwar.

Ruwan ban lambun daga kogin Nilu yake zuwa ta bututu, ba a tace shi kamar na sha ba. Yana taruwa a tafkin da aka haƙa a kudancin lambun, daga nan a rarraba shi ta hanyar feshi da ɗigo-ɗigo. Tafkin da masu ziyara ke ɗauka na ado ne, shi ne ma'ajiyar ruwan lambun.

Tsarin lambun

Ƙashin bayan lambun wata doguwar hanyar ƙafa ce mai faɗin mita takwas, da ta miƙe daga arewa zuwa kudu, da dogayen itatuwan ado dangin kwakwa a gefe da gefe, da siririyar magudanar ruwa a tsakiya. An daidaita ta yadda mai tafiya kudu zai riƙa fuskantar Ƙal'ar Salahuddin da Masallacin Muhammad Ali da ke kanta. Daga ƙololuwar tudun kuma ana ganin hasumiyoyin tsohon birni a jere ta yamma, abin da ya sa wurin ke cika da yamma lokacin faɗuwar rana.

Masu zanen sun ɗauko salon lambunan ƙasashen Musulmi na da: lambu mai kashi huɗu da magudanai suka raba, irin na Farisa da Indiya, da gonar itatuwan marmari, da rumfunan zama masu inuwa, da maɓuɓɓugan ruwa. An yi amfani da farin dutsen Masar da aikin hannun masu sassaƙa na gida. A arewacin lambun, a kan tudu, akwai gidan cin abinci da Rami El Dahan da Soheir Farid suka zana da bakan gizo irin na Fatimiyya, a bakin tafki kuma akwai wani da Serge Santelli ya zana. Akwai filin wasan yara, da dandalin wasanni na El Genaina inda ake kiɗe-kiɗe da wasan kwaikwayo.

Ganuwar Ayyubawa

Da aka fara yanke gangaren yamma sai ganuwar Salahuddin ta fara bayyana. An tono kusan kilomita ɗaya da rabi nata, da hasumiyoyinta da ƙofofinta da ɗakunan masu gadi, wasu sassan da kyansu domin jujin da ya binne su shi ya kare su. Wannan ya sauya tsarin lambun. Tun farko an ɗauki gefen yamma a matsayin bayan lambu, sai ga shi ya zama fuskarsa ta tarihi. An fara gyaran ganuwar a 1999, aka horar da matasan unguwa aikin dutse a kanta. An buɗe tsofaffin ƙofofi biyu, Bab al-Barƙiyya da Bab al-Mahruƙ, suka zama mashigar lambun daga ɓangaren unguwa.

Unguwar Darb al-Ahmar

Darb al-Ahmar na cikin tsohon birnin da hukumar UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. Tana da masallatai da makarantu na zamanin Mamlukawa masu yawan gaske, amma a lokacin da aka fara aikin tana cikin unguwannin da suka fi talauci a birnin. Gidaje da dama sun tsufa, magudanai sun lalace, girgizar ƙasar watan Oktoba 1992 kuma ta ƙara rusa wasu.

Tono ganuwar ya jefa mazauna cikin haɗari, domin gidaje da yawa a jikinta aka gina su, kuma abin da hukumomin kayan tarihi suka saba yi shi ne rushe duk abin da ke manne da gini mai tarihi a bar fili kewaye da shi. Gidauniyar ta nemi a bar mutane a gidajensu, a gyara gidajen da bututun ruwansu yadda ba za su cutar da ganuwar ba, kuma hukumomi suka amince da hakan a sassa da dama. An gyara gidaje tare da masu su suna biyan wani kaso, an ba da ƙananan basussuka ga masu sana'a, an koyar da kafinta da gini, an mayar da tsohuwar makarantar Darb Shughlan cibiyar al'umma. An kuma gyara Makarantar Ummu Sultan Sha'aban ta ƙarni na 14, da gine-ginen Khayrbak, da Masallacin Aslam da dandalin da ke gabansa, da Masallacin Aƙsunƙur da ake kira Shuɗin Masallaci, wanda aka kammala a 2015.

Adadin gidajen da aka gyara kaɗan ne in an kwatanta da girman unguwar. Abin da ya fi tasiri shi ne an nuna cewa ana iya gina lambu a gefen unguwar talakawa ba tare da an tashe su ba.

Kuɗin shiga da suka

Lambun yana da shinge, kuma sai an biya ake shiga. Kuɗin ƙofa da hayar gidajen abinci da bukukuwan da ake yi a ciki su ne ke biyan ma'aikata da ruwa da gyara, kuma an tsara cewa rarar da ta saura ta tafi ayyukan Darb al-Ahmar. A shekarar 2007 gidauniyar da hukumar lardin Alƙahira suka sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da ta ɗaure lambun da ayyukan unguwar wuri guda. Ana ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan biyu ke ziyartar lambun a shekara, kuma ya fi cika a ranakun Juma'a da lokutan sallah da bikin Sham el-Nessim.

Wannan tsari shi ne abin da aka fi suka. Masu suka na cewa wurin da sai an biya ake shiga bai cika filin jama'a ba, kuma ko da kuɗin kaɗan ne, magidanci mai 'ya'ya biyar ko shida zai yi lissafi kafin ya je, gidajen abincin kuwa sun fi ƙarfin yawancin maƙwabta. Masu kare tsarin na nuni da lambunan gwamnati da dama a birnin da suka lalace saboda babu kuɗin kula da su. Hujjar ɓangarorin biyu tana da nauyi, sai dai lambu irin wannan, da rayuwarsa ta dogara da famfo da bututu, zai bushe cikin 'yan makonni in ban ruwa ya tsaya, don haka ba ya jure shekara ɗaya ta rashin kasafi.

Akwai kuma tambaya kan muhalli. Manyan filayen ciyawa suna shan ruwa sosai, kuma Masar ƙasa ce da kusan duk ruwanta daga Nilu yake. Wasu masana na ganin da an rage ciyawa an ƙara itatuwan inuwa da tsirran hamada. Amma ciyawar ita ce abin da iyalai ke zuwa nema, su shimfiɗa tabarma su ci abinci yara su yi guje-guje, abin da ba su da shi a lungunan unguwanninsu.

Ayyukan da suka biyo baya

Gidauniyar ta yi amfani da irin wannan salo, na haɗa lambu da gyaran wurin tarihi da hanyar samun kuɗin kula da shi, a wasu ƙasashe. Daga ciki akwai Lambun Babur a Kabul, da Lambun Forodhani a Zanzibar wanda aka buɗe a 2009, da Sunder Nursery a Delhi a 2018. A Afirka ta Yamma akwai Gandun Ƙasa na Mali da ke Bamako, mai faɗin hekta 103, wanda aka buɗe a watan Satumba 2010 lokacin bikin cikar ƙasar shekara 50 da samun 'yancin kai. Aga Khan na Huɗu ya rasu ranar 4 ga Fabrairu, 2025 a Lisbon, aka binne shi a Aswan da ke kudancin Masar.